Hular Sahabi

Akwai hoton nan na bikin Rahila da ke rataye a falo, wanda gefensa ya fara dafewa. Duk jikan da ya yi wayo sai ya tsaya gabansa ya tambaya, ina Kaka? Ga amarya, ga ango, ga ni da ɗaurin kallabi kamar zan tashi sama, ga Baba Yohanna ƙanen babanku tsaye inda uba ya kamata ya tsaya, amma uban amarya babu shi. Amsar da kuka saba ba yaran ita ce, ya tafi aiki. Ranar da muka taru don cikar shekara da rasuwarsa na ji ɗan'uwanku Dauda ya ƙara da cewa, ai Baba in ana maganar wuta ba ya ganin kowa. Kuka yi dariya, ni ma na taya ku, amma abin ya zauna mini a rai. Ba ƙarya kuka faɗa ba, aiki ya tafi. Sai dai rabin labarin kuka ɗauka. Rahila ta san sauran, amma ita ta gado ubanta wajen shiru. Ni kuwa Allah bai hana ni baki ba, don haka ga shi na rubuta muku.

Mun zo Gummi daga wajen Zuru muna sabon aure, da akwati da 'yan tukwane. An ɗauke shi aikin lantarki, cikin masu hawa falwaya su gyara waya. Ba a jima ba sunansa ya koma Ishaya Mai Wuta, ni kuma na zama Matar Mai Wuta, sunan da ba ya daɗi sai ranar da akwai wutar. In an ɗauke, ko kuka na je saye kasuwa sai na ji an ce, "Ki hwaɗa ma mai gidanki ya ji tsoron Allah." Sai ka ce a ƙarƙashin gadonmu yake ɓoye ta. In na dawo ina huci na gaya masa, sai ya yi murmushi ya ce ai shawara ce mai kyau, in gaya musu ya gode.

Kuma yana jin tsoron Allahn. Kiran sallar asuba na masallacin unguwarmu shi ne agogonsa. Ladan na buɗe baki shi kuma yana buga ƙofar ɗakinku, a fito karatu da addu'a. Kun tuna waƙar. Allah ya ba mutumin nan hannu, ya ba shi haƙuri, amma murya kam ba ya nan ranar da aka raba. Haka zai ja waƙar yabo tun daga fari har ƙarshe bai tsallake baiti ba, kuna gyangyaɗi, awakin maƙwabta suna amsa masa. Bai taɓa hawa falwaya ba sai ya dafa ta ya sunkuyar da kai tukuna. In kuma cikin gari ne, sai ya ɗaga murya ya ce, "Masu gida, za a hau!" ya jira matan gidajen kusa su kimtsa, in ya kai sama kuma ya juya wa gidan mutane baya. Wannan ɗan abin shi ya sa dattawan gari suke miƙa masa hannu biyu. Wani tsoho ya taɓa tsayar da ni a hanya ya ce, "Mijinki ya hi kowa ganin cikin garin ga, kuma bai taɓa ganin komi ba."

Abokin hawansa shi ne Malam Sahabi, wanda kuke kira Baba Sahabi, mutumin wani ƙauye ta wajen Gwashi. Babanku dogo ne mai shiru, Sahabi gajere ne da ba ya gajiya da magana, don haka suka dace: ɗaya ya yi ta zuba, ɗaya ya yi ta gyaɗa kai. Ranar Juma'a in rana ta yi tsaka, babanku ke karɓar aikin Sahabi ya tafi masallaci. Ranar Lahadi ko gari zai ƙone, Sahabi ne zai fita, ba a zuwa coci a kira Ishaya. Da babbar sallah cinyar rago sukutum take shigowa gidanmu. Da Kirsimeti kuwa tun da safe Sahabi zai zo da wuƙarsa ya yanka mana akuya, don shi da iyalinsa su ci ba shakka, yana fiɗa yana tsokanata wai na hana dabbar abinci.

Yanzu ku saurara, don a nan maganar take. A bayan gari akwai wata falwaya mai dogon hannun ƙarfe a jikinta, makunni suke ce mata. Layin da ya tashi daga nan shi ke ba rabin gari wuta, har da asibiti da injin famfo, sannan ya wuce daji ya nufi Bukkuyum. In aka ja hannun nan zuwa ƙasa wuta ta yanke, mutum ya hau ya kama waya da hannunsa. In aka mayar da shi sama ta dawo, ba ta tambayar ko akwai wani a kai. Ana sa masa kwaɗo, amma mabuɗin iri ɗaya ne a aljihun ma'aikata da yawa. Tun suna sababbi a aiki suka sauko da gawar wani abokinsu daga kan waya, don wani ya ɗauka ya gama ya tafi gida, ya zo ya tada makunni. A lokacin babu wayar hannu da za ka kira ka ji. Daga ranar su biyu suka yi wa kansu doka. Wanda zai hau sai ya cire hularsa ya sa hular kwano, ya miƙa wa ɗan'uwansa tasa. Shi kuma ya rataya ta a hannun makunnin ya zauna a gindinsa. Ba a taɓa ƙarfen nan sai mai hula ya dawo da ƙafarsa ya karɓa da hannunsa. Ba aike, ba saƙo, ba an ce. Sauran ma'aikata suna yi musu dariya, suna cewa masu tsaron hula, su ko a jikinsu.

Rahila ita ce ta fari, kuma ba sai na ɓoye muku ba, ita ce 'yar gaban goshinsa. Ita ke wanke masa safar hannu, ita kaɗai ke taya shi waƙar asuba da ido buɗe. Da aurenta ya tashi ba ta roƙe shi gado ko kabad ba. Abu ɗaya ta ce, shi zai riƙe hannunta ya shiga da ita coci, don ta sha ganin an kira shi aiki ana tsakiyar cin tuwo. Ya ce ya yi alkawari. Ya ɗauki hutu tun da wuri, mutumin da bai san hanyar neman hutu ba. Ya kai ɗinkin babbar riga fara, shi da ya ƙare rayuwarsa cikin kaki. Ranar da ya gwada ta ya yi ta tafiya a tsakar gida yana shika hannu kamar an ɗora masa tabarma, Rahila na koya masa yadda ake naɗe ta a kafaɗa.

Farkon damina ne. Ana gobe biki da yamma aka yi wata iska da ta kwashe rumfar da muka kafa ta kai gidan maƙwabta, ta kayar da falwayoyi ta wajen Anka, ta tsinke waya a hanyar Bukkuyum. Da gari ya waye duk ma'aikatan an kwashe su zuwa Anka inda ɓarnar ta fi yawa, aka bar Sahabi da lebura ɗaya. Muna tsakiyar dafa shinkafa ya yi sallama. Ba kiran babanku ya zo yi ba, ku rubuta wannan ku ajiye. Igiya ya zo ara, don tasa ta tafi da motar Anka. Babanku ya fito sanye da babbar rigar, ya miƙa masa igiyar, sannan ya ƙi sakin bakinta.

"Wa za shi riƙa maka hula?"

"Kai dai tahi ka aurar da ɗiyarka," in ji Sahabi. "In sa kwaɗo in yi addu'a. Wuri guda na, kusa ga gari. Kahin ku buga ƙararrawa na ƙare."

"Kwaɗon da kowa ka da mabuɗinai?"

Na ajiye ludayi. Na san wannan kallon nasa, na san abin da ke biyo bayansa. Na ce, "Baban Rahila, kak ka soma." Ya ce, "Saratu, zama kawai za ni yi. Ba hawa ba, ko rigar ba ni tuɓewa. Yanzu kin gan ni." Sahabi ya yi ta rantsuwa ba ya so, babanku ya riga ya haye bayan mashin. Rahila tana ɗaki ana yi mata kwalliya, ba ta ma san ya fita ba.

Hantsi ya yi, ba su. Coci ta cika, zumuntar mata suka yi waƙa suka sake, suka ƙare waɗanda suka shirya suka shiga na tsofaffi. Dangin ango da suka zo daga Zuru suka fara duban sama, don hadari na sake haɗuwa, direban motarsu kuma ya ce in ruwa ya sauko hanyar ba ta biyuwa. Fasto mutumin kirki ne, ya ja lokaci iya ja. Rahila tana tsaye a bakin ƙofa cikin farin lulluɓi, aka kawo mata kujera ta ƙi zama. Ta ce ba ta shiga sai da babanta. Na tattare zanina na tare ɗan kabu-kabu na ce bayan gari, kuma ya yi sauri.

Na iske shi zaune kan dutse a gindin falwayar, babbar riga a naɗe a kafaɗa yadda aka koya masa. Sama da kansa ga hular Sahabi a rataye, wata tsohuwar hula ruwan ƙasa da gumi ya cinye bakinta. Gabansa kuma ga ogansu, wani baƙo da ba a daɗe da kawo shi ba, da mabuɗi a hannu, da mutanen gari sun kewaye su kowa na faɗin tasa. Ogan ba mugun mutum ba ne, shi ma an taso shi ne daga asibiti. Yana cewa, "Ishaya, an ga babur ɗinsa a ƙofar kasuwa. Ya gama aiki ya tafi shan fura ya manta da kai. Asibiti babu wuta, famfo babu ruwa. Tashi ka tafi bikin 'yarka, ni na ɗauke maka."

Babanku ya ce, "Ranka ya daɗe, mashin anka gani. Ba a ga Sahabi ba."

Na ce to a aika a dubo shi mana. Ashe an aika, an je inda ya ce zai yi aikin ba a same shi ba, wannan ma ya ƙara wa masu cewa ya gama ƙarfi. Na kutsa na tsaya gabansa. Ban taɓa ɗaga masa murya gaban mutane ba sai ranar, kuma har yau ban ce na yi laifi ba.

"Ɗiyarka na tsaye ƙohwar coci, ta ce ba ta shiga sai da kai. Mutane sun taho tun daga Zuru. Kai kana nan kana gadin tsumma!"

Ya ɗaga kai ya dubi hular. Na ce, "To tashi, ni in zamna. In zama na, ni ma na iya."

Ya dubi ogan, ya dubi mabuɗin da ke hannunsa, sannan ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Ke za su lallashe ki su aje ki gehe. Ni sai sun ɗauke ni." Ya ƙara da cewa, "Ni yab ba hula, Saratu. In na tashi anka tada ƙarhen ga, Sahabi na bisa, mi za ni hwaɗa ma Ubangiji? Mi za ni hwaɗa ma ɗiyanai? Rahila za ta yi hushi da ni. Amma tana da ran da za ta yi hushin."

Sai na ga hawaye na bin gemunsa suna ɗiga kan farar rigar. Duk zamanmu ban taɓa ganin haka ba, ko ranar da innarsa ta rasu ɗaki ya shiga. Masifar da na zo da ita ta bi iska. Ogan ya matso ya miƙa hannu wajen kwaɗon, babanku ya miƙe da tsawonsa, ya rungume ƙarfen da hannu ɗaya, hular na taɓa kuncinsa, ya ce a rubuta masa duk abin da za a rubuta. Ni kuma ya ce mini in je in gaya wa Yohanna ya tsaya masa, kada a ƙara tsayar da baƙi.

Da na koma, Rahila ta hango ni na sauko daga mashin ni kaɗai. Ba ta tambaye ni ba. Ta ja lulluɓinta ta rufe fuska, ta miƙa wa Baba Yohanna hannu, suka shiga. Lokacin da fasto ya tambayi wanda zai ba da amarya, Yohanna ya amsa. Aka ɗaura aure, aka ci aka sha, aka ɗauki hoton nan da kuke gani. Daga baya mai shayin da ke kusa da makunnin ya gaya mini cewa iska tana kai musu kiɗan cocin har can, kuma bayan ogan ya yi fushi ya tafi, babanku ya zauna shi kaɗai yana bin waƙar da muryar nan tasa, hannunsa bai bar ƙarfen ba.

Sai la'asar Sahabi ya bayyana, kan amalanken wani Bafulatani, jikinsa duk laka. Ashe da ya gyara wurin farko ya bi layin ya iske waya ta sake tsinkewa can cikin fadama, ta sauko daidai burtalin da shanu ke bi. Ya ba leburan mashin ya je gari ya ƙaro waya, shi kuwa leburan bai sami mai sito ba, wato mai ajiyar kayan aikinsu, ya tsaya kasuwa jira. Mashin ɗin da aka gani ke nan. Sahabi ya gaji da jira ya haɗa da abin da ke hannunsa. Da ya hango babanku zaune cikin babbar riga sai ya diro tun amalanken bai tsaya ba.

"Ishaya! Ba ka tahi ba? Wallahi na ɗauka ka sa kwaɗo ka tahi!"

"Da hularka ga hannuna?"

Mai shayi ya ba shi labarin ogan da mabuɗi, ya gaya masa lokacin ana gab da kiran azahar ne. Sahabi ya ce a daidai lokacin yana zaune a kan falwaya da wayar a kafaɗarsa. Sai ya zauna a ƙasa yana salati. Babanku ya ce masa ya tashi ya karɓi hularsa, mutane na jiran ruwa.

Ya iso gida ana sa amarya a mota, hadari ya rufe gabas. Rigar ta yi jirwaye da tsatsar ƙarfe. Ya tsaya a tagar motar ya ce, "Rahila, ɗiyata, na saɓa miki. Ki gahwarce ni." Ta ce, "Ba komi, Baba," idonta na kan hannuwanta. Mota ta tashi.

Wannan ba komi ita muka ci shekaru muna fama da ita. Ba ta taɓa yi masa rashin kunya ba. Tana zuwa Kirsimeti, tana durƙusawa ta gaishe shi, tana kawo masa shadda. Amma ta daina tashi waƙar asuba, in ya shigo ɗaki sai ta tuna tana da aiki a madafa. Na zaunar da ita na ba ta labarin tun daga igiya har amalanke. Ta ce, "Inna, na jiya. Ban ce ya tashi ya bar mutum ya mutu ba. Amma wa ya ce ya tahi tun hwarko? Ni yay yi ma alkawari kahin ya karɓi hula." Na kai masa maganar ina jiran ya kare kansa, sai ya ce, "Gaskiya tata. Alkawari biyu na ɗauka rana guda, hannuna bai kai ba." Ya hana ni sake tada zancen, ya hana Sahabi zuwa ba ta haƙuri, ya ce ba a sa yarinya ta yafe don kunyar baƙo. A wurin aiki kuma aka rubuta masa ƙin bin umarni, aka tura shi Anka, ya yi ta zirga-zirga a motar kasuwa yana zuwa mana ƙarshen mako har aka gaji aka dawo da shi. Waɗanda ya koya wa hawa suka zama ogoginsa. Bai taɓa cewa uffan ba, sai dai kullum a addu'ar safe sunan Rahila ne na fari. Ni na san abin yana cinsa, don bai sake sa babbar rigar nan ba.

Ciwon ƙarshe kun gan shi, ba sai na maimaita ba. Abin da ba ku gani ba, don ku maza kuna wajen neman mota a lokacin, shi ne zuwan Sahabi. Da yamma ne, rana ta yi sanyi. Ya tsufa shi ma, yana dogara sanda, ya zauna a bakin gado yana ta surutunsa na da don kada a ga idonsa. Rahila tana tsaye a ƙofa da kofin kunu. Can sai babanku ya laluba gefen matashi ya ɗauko hularsa, baƙar nan ta zuwa coci, ya miƙa.

"Sahabi, riƙa mini. Ni ka hawa yau."

Surutun ya tsaya cak. Sahabi ya karɓa da hannu biyu. Washegari da hantsi babanku ya cika.

Ranar jana'iza, bayan an fito coci mun isa maƙabarta, muka iske Sahabi ya riga mu, zaune kan wani dutse da hular a cinyarsa. Da igiyar aikinsu aka saukar da akwatin, shi ya kawo ta. Aka yi addu'a, aka rufe, mutane suka fara watsewa, shi bai motsa ba. Bayansa iyalinsa ne tsaye, maza da mata da jikoki, sun yi gefe cikin ladabi. Rahila ta je ta durƙusa ta yi masa godiya. Ya dube ta, ya juya ya nuna bayansa da sanda. Ya ware manyan 'ya'yansa gefe guda, ya bar sauran, kuma sauran sun fi yawa.

"Rahila, ya hana ni magana yana da rai, yanzu ba mai hana ni. Kin ga waɗanga? Duk bayan ranar bikinki anka haihe su. Su da ɗiyansu. Ranar da ya kamata ya riƙa hannunki, hulata yar riƙa. Ban da abin biyanki, ɗiyata. Ga su nan dai ki gani."

Ta ɗaga kai ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, har kan jaririn da ke goye. Can ta miƙa hannu wajen hular, ta ce ko zai bar mata. Sahabi ya janye ta ya manna a ƙirji, yana kuka kamar yaro.

"Ki yi haƙuri. Ba a ba da ita sai ga mai ita."

Na ɗauka za ta ji zafi, na matso in kama ta. Sai ta dafa gwiwarsa da hannu biyu, kukan da ta riƙe tun daga ƙofar coci ya ɓalle mata.

"To Baba Sahabi, ka riƙa mishi. Kak ka tashi. Ko wa yaz zaka, kak ka ba shi."

Hular tana nan rataye a ƙusa a ɗakin Sahabi, kusa da inda yake shimfiɗa buzun salla, ba mai taɓa ta ko don shara. In kun je gaishe shi ku ɗaga kai za ku gani. Rahila kuwa duk zuwan da za ta yi Gummi, can take fara sauka da kayanta, ta zauna a ƙarƙashin hular ta daɗe, sannan ta ƙaraso ta gaishe ni. Kun san bakina, amma ban taɓa yi mata ƙorafi ba. Da asuba kuma, ladan na buɗe baki, sai in ji ta a tsakar gida ta ja waƙar tun daga fari, ba ta tsallake baiti.